Idan 'yarku ta ce ilimin iyali za ta karanta a jami'a

Lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, yarinya ta durƙusa gaban mahaifinta ta ce ita fannin ilimin iyali take son karantawa. Ya dube ta ya ce, "Yanzu girki da shara za ki je jami'a ki koyo? Ai ga uwarki nan a gida." Daga nan magana ta mutu. Aka cike mata likitanci, maki bai kai ba, ta sake zaman shekara guda a gida tana jiran wata jarrabawar.

Mai karatu, ko a Agege kake ko a Sabon Ibadan ko a Fatakwal, da wuya a ce ba ka taɓa jin makamancin wannan labari ba. Kafin ku yanke wa ɗanku ko 'yarku hukunci, ya kamata ku san abin da wannan fanni ya ƙunsa, da kuma irin rashin da muke yi saboda 'ya'yanmu ba sa shigarsa.

Mene ne ake koyarwa?

Fannin ya samo asali ne daga Amurka, inda wata masaniyar ilimin sinadarai mai suna Ellen Richards ta jagoranci kafa ƙungiyar masana tattalin gida a shekarar 1909. Damuwarta ita ce tsabtar ruwa da abinci da lafiyar mutanen gida. A 1994 ƙungiyar ta sauya suna ta koma ta masana ilimin iyali da masu sayen kaya, domin aikin ya riga ya wuce madafa.

A nan Najeriya karatun ya rabu gida biyu. Na farko shi ne wanda muka sani tun daga sakandare da sunan Hom Ikonomiks, wato tattalin gida. A jami'a ɗalibi zai karanta ilimin abinci mai gina jiki, girman yaro daga ciki har zuwa balaga, zamantakewar aure, tsara kuɗin gida, tufafi da muhalli. Akwai darussan sinadarai da ilimin halittu a ciki, don haka ba wurin hutawa ba ne ga wanda ya guji kimiyya. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana da sashen da ya haɗa iyali da abinci da harkar masu sayen kaya. Haka nan ana koyar da shi a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, da Jami'ar Noma ta Tarayya da ke Abeokuta, da Jami'ar Ilorin, da Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Na biyu shi ne aikin walwalar jama'a, wanda ya haifar da ma'aikatan da muke kira jami'an welfiya. A nan ana koyon yadda ake sauraron mai matsala, yadda ake binciken halin da gida yake ciki, dokokin da suka shafi yara da mata, da yadda ake haɗa mabuƙaci da inda zai samu taimako. Jami'o'in Legas da Ibadan da Benin da Nsukka duk suna da wannan sashe.

Me ya shafe mu?

Ku ɗauki asibiti. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Idi-Araba a Legas da na Ibadan, suna da ma'aikatan walwala waɗanda aikinsu shi ne tsayawa tsakanin majinyaci da likita da iyali. Su ne ke duba lamarin wanda ya kasa biyan kuɗin magani, da wanda aka sallama ba shi da mai jinya a gida. To, ku auna matar da aka kawo aure daga Katsina wata shida da suka wuce, ba ta jin Yarabanci, ba ta jin Turanci. Duk abin da ke damunta sai ta faɗa ta bakin mijinta ko ƙanin mijinta. Akwai maganar da mace ba za ta taɓa faɗa ta wannan hanya ba. Da a ce a ofishin akwai wadda za ta ce mata, "Sannu baiwar Allah, zauna ki faɗa mini," da magana ta fito, da magani ya samu.

Ku ɗauki abincin yara. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nonon uwa zalla. Ba talauci ne kaɗai ke jawo wannan ba. Za ku ga gidan da ake cin nama, amma yaron da ake shirin yayewa kunun gero tsura yake sha safe da yamma. Wadda ta karanta ilimin abinci, kuma ta tashi a cikinmu, ta san ba sai ta ce a sayo abincin gwangwani ba. Za ta ce a sa gyaɗa da waken soya da garin busasshen kifi a cikin kunun, ta kuma san yadda za ta faɗa wa kakar yaron ba tare da ta ji an raina ta ba.

Sai kuma rikicin gida. Muna da dattawa da limamai da sarakunan Hausawa da ke yin sulhu, kuma Allah Ya saka musu, sun ceto aure da yawa. Amma akwai matsalar da "ki yi haƙuri" ba ya warkar da ita: matar da ta shiga matsananciyar damuwa bayan haihuwa ana cewa iskokai ne, saurayin da ya faɗa shaye-shaye, yarinyar da aka ci zarafinta a gidan da take aikatau. An koya wa ma'aikacin walwala ya gane waɗannan alamu, ya riƙe sirri, ya san lokacin da magana ta fi ƙarfin zaure ta koma ta likita ko ta hukuma. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Jihar Legas ta yi tata a 2007, ta tanadi kotunan iyali, kuma rahoton jami'in walwala yana da nauyi a shari'ar da ta shafi riƙon yaro. Idan wanda ya rubuta rahoton bai san yadda riƙo yake a gidan Bahaushe ba, yana iya ɗaukar goggo da ta rungumi ɗan ɗan'uwanta a matsayin baƙuwa.

Ina aikin yake?

Wannan ita ce tambayar da ke ran kowane uba, kuma yana da gaskiya. Wanda ya gama yana iya samun aiki a asibiti, ko ma'aikatar mata da walwalar jama'a, ko gidan marayu, ko gidan gyaran hali, ko hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP, ko ƙungiyoyin agaji. Wasu suna koyarwa, wasu suna shiga kamfanonin abinci da otal-otal. Da yawa kuma sukan tsaya da ƙafarsu, su buɗe gidan rainon yara, ko sana'ar abincin biki, ko ta ɗinki.

Sai dai a faɗi gaskiya. Albashin farko ba mai yawa ba ne, guraben gwamnati kuma ba sa buɗewa kullum. Aikin walwala yana da nauyi a zuciya, domin kullum da kukan mutane ake wuni. Wanda ya shiga don kawai ya rasa wani kwas, zai gaji tun kafin ya gama. Amma ɗanku yana da abin da abokan karatunsa da yawa ba su da shi: yana jin Hausa, ya tashi yana jin Yarabanci ko Ibo ko Turancin buroka. A wurin masu ɗaukar aiki a wannan fanni, harshe jari ne.

Kuma kada ku ɗauka karatun mata ne kawai. Magidancin da ya shiga ƙunci, ko matashin da ke cikin maye, ya fi sakin jiki da namiji ɗan'uwansa.

Kafin a cike fom

Ku zauna da yaron ku duba kundin JAMB na shekarar, domin sunan kwas ɗin da darussan da ake nema sun bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Ko'ina ana buƙatar kiredit biyar har da Turanci, galibi kuma har da lissafi. Ɓangaren tattalin gida da abinci yakan nemi darussan kimiyya, ɓangaren walwala kuma yakan karɓi 'yan ajin zamantakewa. Ku tabbatar hukumar jami'o'i ta ƙasa ta amince da kwas ɗin a makarantar da kuka zaɓa. Ku tambaya ko shekara huɗu ne ko biyar, da kuma inda ake tura ɗalibai koyon aiki, domin a can ake sanin ko mutum zai iya.

Idan da hali, ku bar yarinyar ta je ofishin welfiya na asibitin da ke kusa da ku, ta nemi izinin yin magana da ma'aikaciya ɗaya, ta ji yadda wuninta yake. Idan ta dawo tana cewa har yanzu shi take so, to ku sa mata albarka ku biya kuɗin fom. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma unguwanninmu sun daɗe suna jiran 'ya'yansu da suka karanta gyaran.