Yadda Ake Gane Zubin Allon Xbox 360

A ilmin halittu, akan rarrabe tsirrai masu kama da juna ta hanyar bin alamominsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan dabara tana aiki ga na'urar wasan bidiyo ta Xbox 360, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a 2005. Samfurinta na asali sifarsa kusan ɗaya ce a ido, amma an sha sauya babban allon lantarkin da ke ciki, domin zubin farko ya yi ƙaurin suna wajen lalacewa saboda zafi.

Ba sai an kwance na'urar ba. A dubi rubutun da ke bayanta, a nemi adadin da ke kusa da 12V. Idan 16.5A ne, to zubin farko ne, wato Xenon, ko kuwa Zephyr na 2007. Zephyr ne mai kafar HDMI. Idan 14.2A ne tare da wannan kafa, Falcon ke nan. Idan kuwa 12.1A ne, Jasper ne na 2008.

Me ya sa adadin yake raguwa? An ƙanƙanta sassan ƙwaƙwalwar na'urar daga nanomita 90 zuwa 65, sai cin wuta ya ragu, zafi ma ya ragu. Saboda haka, mai sayen ta hannu ya nemi Jasper.