Ko Kun Sani? Baƙin Mai Ma Yana Sanyaya Injin Jirgi

A injin Mazda 13B, wanda masu haɗa ƙananan jiragen sama a gida, musamman a Amurka, ke cirowa daga motar RX-7, baƙin mai ne ke kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da ake fitarwa. Injin ba shi da fistin. Wasu ƙarafa biyu ne masu kusurwa uku ke juyawa a ciki, inda ruwan lagireto ba ya kaiwa, sai mai da ake fesa musu. Shi ya sa man ke buƙatar nasa lagireton. Lokacin hawa sama kuwa, ga wuta ga ƙarancin iska, matuƙi kan ƙara wa injin fetur don zafin ya sauka.