Fatsa Da Gashin Zabo

Ƙasar Shanono ƙasar noma ce, gona na jingine da gona, ba ta da babban kogi irin na Sakkwato ko Binuwai. Saboda haka mutanen dā na wannan yanki ba su shahara da sana'ar su ba. Kifin da suka sani shi ne na kududdufi da na rafin da ke ƙafewa da rani, sai kuwa banda wadda fatake ke kawowa kasuwa. Amma al'amari ya sake tun da aka shiga gina madatsun ruwa a Jihar Kano. An gama ta Tiga cikin 1974, ta Watari kuwa, wadda ke ƙasar Bagwai maƙwabciyar Shanono, cikin 1980. Yanzu yaron da kakansa bai taɓa riƙe homa ba ya kan sami ruwan da zai jefa fatsa rani da damina.

To, abu biyu ke damunmu game da wannan ni'ima. Na fari, waɗansu mutane, don son samu na rana ɗaya, su kan ja ruwa da gidan sauro ko su zuba guba, su kashe uwa da 'ya'ya. Ruwan da aka yi wa haka ba ya daɗewa yana ciyad da mutane. Na biyu, yaran da ke kutsawa cikin ruwa mai kwanciya su ne tsargiya ta fi kamawa, watau fitsarin jini, gama tsutsarta daga jikin wata 'yar katantanwa ta ke fitowa ta huda fata. Kowane malami ya san yadda wannan cuta ke rage wa yaro kuzari a aji. Fatsa ba ta ƙare kifin ruwa, domin ɗaya ɗaya ta ke kamawa, mai ita kuma a gaɓa ya ke tsayawa. Wahalarta guda ita ce koto, don da rani ƙasa ta bushe, tana ta yi wuyar samu.

Akwai wata tsohuwar dabara wadda ke maganin wannan wahala, ita ce ɗaure gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Wani marubuci na Rum, Iliyan, ya ba da labari wajen shekara ta 200 ta Miladiyya cewa mutanen Makidoniya su kan naɗa jan ulu a ƙugiya, su ƙara gashin zakara biyu, su kama kifi da shi. A Ingila an buga wani littafi cikin 1496 mai bayanin irin waɗannan ƙwari goma sha biyu. A Amurka da su a ke kama ƙananan kifayen tafki masu fāɗin jiki kamar karfasarmu, waɗanda guda ba ya wuce cikin kasko.

Kada mai karatu ya zaci kowane kifi ne za a ruɗa da haka. Tarwaɗa da sansane ta ke neman abinci a ƙasan ruwa, tana ta fi mata. Babbar karfasa kuma yawancin cinta gansakuka ne da ganye. Amma kawara da matasan karfasa suna cin ƙwarin da suka fāɗa bisa ruwa. Wanda ya tsaya bakin tafki da almuru a farkon damina, ran da shinge ya tashi, ya ga yadda fuskar ruwa ke ɓarkewa da kifi. Wannan shi ne darasi na farko: a duba abin da kifi ke ci, kāna a kwaikwaye shi.

Kayan aikin ba sai an aika ƙasar waje ba. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo, wanda mu ke sharewa mu zubar, masu wannan sana'a a Turai da kuɗi su ke sayensa, domin yana da taushi, yana motsi cikin ruwa kamar ƙafafun ƙwaro. Gashin wuyan zakara shi kuwa tauri gare shi da ƙyalli, shi ke tallafe ƙugiya ta tsaya bisa ruwa. Ƙa'idar zaɓe ke nan: gashi mai tauri don ƙwaron da zai yi iyo a sama, mai taushi don wanda zai nutse. Zare kuwa a nemi siriri mai ƙarfi a wurin masu ɗinkin hula ko na riga, a goga masa kakin zuma don ya kama. Jiki a yi shi da ulu, baƙi ko ruwan ƙasa ko rawaya. In ana son ya nutse da sauri, a kwance tsohuwar wayar lantarki a naɗa silin jan ƙarfe ɗaya. In ana son ya yi ta yawo a sama kamar fāra ko tsanya, a yanko ɗan guntun tsohon silifa a ɗaura a gadon bayan ƙugiya.

Ƙugiya ita kaɗai ce ba mu so a yi mata rowa. Lambarta juye ta ke, watau gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙugiya. Bakin kawara ƙarami ne, saboda haka lamba 10 zuwa 14 ta fi dacewa. A gwada tsininta a farce, in ta zame ba ta kama ba, a wasa ta. Ga yara kuwa, a danne ɗan ƙarin da ke bayan tsinin da awartaki, don in ta shiga yatsa ta fita ba tare da yanka ba. Sauran kayan su ne ƙaramin almakashi mai tsini, da allura a soke a guntun kara, da matsefata, da abin da zai riƙe ƙugiya hannu biyu su sami sukuni. Na kanti yana da tsada, amma maƙerin gari ya iya haɗa ƙarfe biyu da noti su yi wannan aiki.

Ga yadda a ke ɗauri. A naɗa zare daga bayan idon ƙugiya zuwa inda ta fara lanƙwasa. A nan a ɗaura silin gashin zabo huɗu ko biyar su zama wutsiya. A kama bakin ulu, a naɗo shi zuwa gaba, a tsaya kafin a kai ido. Sa'an nan a ɗaura gashin zakara ta gindinsa, a kewaya ƙugiya da shi sau biyu ko uku, silinsa su baje kamar lema, a danne shi da zare, a yanke saura. A ƙare da ƙulli uku a bayan ido. Kuskuren ɗan koyo kullum iri ɗaya ne: ya cika kaya har ya toshe ido ya rufe tsini. Ƙwaron Allah siriri ne, na hannu ma haka ya kamata ya zama.

Ƙwaron gashi ba shi da nauyin da za a wurga shi nesa. Saboda haka a nemi sandar gora mai tsawon ƙafa 10 ko 12, da igiya daidai tsawonta, a ba iska baya ta ɗauki ƙwaron ta sauke bisa ruwa a hankali. Mutanen duwatsun Japan haka suka daɗe suna yi, igiyarsu ta dā kuwa ta izgar doki ce, irin wadda yaranmu ke tarkon tsuntsu da ita. A kula da inuwa kada ta fāɗa kan ruwa, gama Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma.

Muna roƙon malaman makarantun Shanono da kewaye su gwada wannan a lokacin aikin hannu. Yaron da ya ɗaura ƙwaro guda ya koyi lura da halitta, ya koyi awo da haƙuri, ya kuma koyi mai da ƙaramin kifi ruwa don ya girma ya hayayyafa. Malami ya fara ɗaura goma da hannunsa, ya kai su ruwa ya ga wanda kifi ya karɓa da wanda ya ƙi, kāna ya tsaya gaban aji. Allah ya sa mu dace, amin.