Ko Kun Sani? Murhun da Ake Zagayawa da Jariri

A tsohuwar Atina ta ƙasar Girka, haihuwa kaɗai ba ta sa jariri ya zama ɗan gida. Sai ya kwana biyar ko bakwai, sannan a ɗauke shi a zagaya murhu da shi, domin a wurinsu murhu mazaunin Hestiya ne, abar bautar da suka danƙa wa tsaron iyali. Suna kuwa galibi sai rana ta goma. Mai wucewa kan gane abin da aka samu tun daga bakin ƙofa: ganyen zaitun in namiji ne, ulu in mace ce.

Amarya ma a gaban murhun ake karɓarta, a watsa mata busasshen ɓaure da sauran 'ya'yan itatuwa. Abin tausayi, haka ake yi wa bawan da aka sayo, wanda bai zo da son ransa ba.

A ɗakin ajiya kuma akwai ƙaramin tulu da aka ɗaura wa farin ulu, an zuba masa ruwa da man zaitun da amfanin gona, don abin bautarsu Zeyus ya tsare dukiyar gida. Lamarin har ya shiga mulki: wanda zai hau babban muƙami a Atina sai an tambaye shi inda wurin bautar gidansu yake, da inda kaburburan danginsa suke.