Matar Da Ta Tsere Wa Maza A Ingila, Amma Amurka Ta Gagare Ta

'Yan'uwana mata, yau shafinmu zai leƙa wata sana'a da ba mu saba da ita ba, wato tseren mota. Ba irin motocin da ke bi ta Gumel zuwa kasuwar Maigatari ran Alhamis ba. Wannan kujerarta ɗaya tak, ba ta da rufi, tayoyinta huɗu duk a waje suke, direba kuma kusan kwance yake a ciki.

Desire Wilson 'yar Afirka ta Kudu ce, an haife ta a garin Brakpan a 1953. A 1980, a filin Brands Hatch na Ingila, ta zo ta ɗaya a wani tseren motocin Formula 1 na gasar ƙasar. Har yau ba wata mace da ta sake yin haka. To, sai a ce daga nan hanya ta buɗe mata? Ina!

A 1981 ta tuƙa wa ƙungiyar Tyrrell mota a Kyalami, cikin ruwan sama, ta wuce maza da dama kafin motar ta ƙwace mata. Mai ƙungiyar ya so ya riƙe ta, amma a wannan sana'a direba kan zo da kamfanin da zai ɗauki nauyinsa. Ita ba ta samu ba. Lokacin ana ƙyamar ƙasarta saboda mulkin wariyar launin fata, ga ta kuma mace.

Sai ta nufi Amurka, inda ake tseren Indianapolis na mil 500. Mota 33 kaɗai ake bari su shiga, sai an gwada gudun kowa tukuna. A 1982 gudunta ya haura mil 190 a awa, duk da haka ba ta samu shiga ba. A wajen gwajin shekarar ne direba Gordon Smiley ya daki bango ya mutu nan take. A ganina, komawarta cikin mota bayan wannan ya fi nasarar Ingila nuna ƙarfin zuciya. Ta sake gwadawa a 1983 da 1984, abin bai yiwu ba.

'Yan makaranta su lura da abu ɗaya: ba ta zauna jiran Indianapolis ba. A 1983 ta shiga wasu tseren gasar Amurka, ta zo ta 10 a Cleveland. A shekarar kuma, ita da abokan tuƙi biyu suka zo na 7 a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, cikin motar Porsche. Daga baya aka sa sunanta a wata rumfar 'yan kallo a Brands Hatch.