Yadda Wasan Yara Ke Haɗa Baƙi

Ran 1 ga watan Janairu na kowace shekara mutanen Kagoro sukan yi bikin Afan, watau bikin dutse a harshensu. Bara na tashi daga Gidan Waya na je kallo. Abin da na gani a bayan rumfuna shi nake so mu tattauna, mu da muke koyon aikin malanta.

Manya sun zauna kashi kashi, kowa da nasa. Ga Bajju nan, ga Atyap can, ga Hausawan Kafanchan a gefe, gaisuwa kawai ke haɗa su. Yara kuwa tuni sun cuɗe. Maza na langa, mata sun baje tsakuwa suna carafke, ba wanda ya tambayi wani garinsu.

Me ya kawo haka? Na ga dalilai uku. Na fari, wasa yana bukatar mutane. In ɓangare ɗaya na 'yan langa ya kasa da mutum guda, duk yaron da ke tsaye kusa sai a jawo shi. Watau baƙo a nan abin nema ne. Na biyu, dokar wasa da ido ake koyonta. Wanda ya ga an kama ƙafa ɗaya ana tsalle da ɗayar ya gane, ko ba ya jin harshen masu yi. Na uku, yaro yakan ba manya dalilin magana. Wani ɗan yaro ya faɗi ya goge gwiwa, sai wata mai sayar da ƙosai ta ɗaga shi ta wanke masa. Uwar ta sheƙo ta ce, "Sannu, Mama, na gode." Ita kuwa ta ce, "Haba, 'yata, ai ɗa na kowa ne." Kafin la'asar na gan su bisa tabarma ɗaya suna hira.

Ƙasar nan tamu ta san baƙi. Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, Ibo da Yarbawa da Hausawa suka zo suka zauna tare da Fantswam. Ta kuma san abin da rashin sanin juna ke jawowa, gama ba mu manta da rikicin watan Maris na 1987 ba, wanda ya tashi daga Kafanchan ya kai har Zariya da Katsina. Lalle wasa kaɗai ba ya kashe irin wannan wuta. Amma da wuya mutum ya yarda da ƙaryar da aka yi wa wanda ya taɓa goya masa ɗa.

Froebel, Bajamushen nan da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna Kindergarten a 1840, ya ɗauki wasa babban aikin yaro. To, mu ma kada mu raina shi. Ran da aka ba ka shirya ranar wasanni ko taron iyaye, ka bar wa yara fili a inuwa kusa da mazaunin manya. Ka ajiye ruwan sha. In za ka raba su, ka sa su jeru su ƙirga ɗaya, biyu, kada ka raba su bisa gari ko addini. Sa'an nan ka ja da baya, ka bar su.