Watanni Shida da Ke Ƙera Injiniya

Rodin da ke cikin ginin bene, simintin da ya riƙe shi, da tukunyar da ke kan murhu, kowannensu yana da masana waɗanda aikinsu shi ne sanin abin da aka haɗa shi da shi, da dalilin da ke sa ɗaya ya jure, ɗaya ya tsage. Su ne injiniyoyin ƙarafa da kayan ƙira, irin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke yayewa. Sai dai iliminsu ɗan'uwan ƙirar gargajiya ne: ba ya zama a kai sai an zauna gaban wuta. Shi ya sa a 1973 Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, mai hedkwata a Jos, ya ɓullo da shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibin injiniya masana'anta har wata shida yana aji huɗu.

Matsalar ita ce babbar makarantar da aka sa wa rai ba ta buɗe ba. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta, wanda aka soma da taimakon Tarayyar Sobiyet a 1979, har yau bai kunna babbar tanderunsa ya narka tamar Itakpe ba. Ɗalibai da dama kan ƙare a ofis suna cike littafin rahoto, su dawo hannu bai taɓa zafi ba. A ganina jiran Ajakuta ba mafita ba ne. Abin da ya kamata shi ne kowane ɗalibi ya bar jami'a da tambaya guda ta bincike, ya kai ta inda ake aiki yau: masana'antun siminti na Ashaka, Sakkwato da Obajana, ko Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos, ko ma kasuwar Fanteka ta Kaduna.

Dubi mai zubin tukunya a Fanteka. Yana danna yashi a akwati, ya narka tarkacen alminiyam, ya zuba. In ta huce, wani sa'in sai ga 'yan ƙofofi kamar hudar allura, tukunya tana yoyo. Ɗalibin da ya karanta darasinsa ya san danshin yashi da iskar da narkakken ƙarfe ya haɗiya ne ke jawo haka. Ya kuma san tarkace kan zo da dalma, gubar da ke iya shiga abinci. In ya yanki ɓallin tukunyar ya kai ɗakin gwaji ya duba da madubin ƙara girma, ya samu aikin kammala digiri, maƙeri ya rage asara, mai girki ta tsira da lafiyar iyalinta.

Wani zai ce rumfar maƙeri ba masana'anta ba ce, babu na'urori, babu kayan kariya. Gaskiya ne, kuma dole malami ya riƙa leƙa ɗalibinsa, a ba shi tabarau da safar hannu. Amma ƙa'idar narkewa da daskarewa ɗaya ce, ko a kasko ko a tanderun kamfani, na'urorin awo kuwa jami'a ce za ta kawo. Manyan kamfanoni kuma da ke tsoron ɗalibi zai ɓata musu inji, su tuna icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda suka hana shiga yau, shi za su ɗauka aiki gobe su koya masa daga farko da kuɗinsu.